Motar kaya mai lantarki da ke tafe da janaretarta: mu a Garwa mun fi Turawa buƙatarta, in za mu riƙa jona ta

Masu rarraba kaya a Garwa da Marwa da Ngaundare, yau da ku nake. Duk majalisar da aka ɗauko zancen motar lantarki, kafin mai magana ya rufe baki wani ya jefo masa tambaya: "Da wace wutar?" Ban ga laifin mai wannan tambaya ba, don duk wanda ya kwana a zafin Afrilu fanka na tsaye ya san dalilinta. Sai dai akwai wani nau'in motar kaya da tambayar ba ta kayar da shi ba, kuma ina ganin ya dace da aikinmu fiye da yadda ya dace da mutanen da aka ƙera shi dominsu.

Motar ta lantarki ce, injin lantarki ne kaɗai ke juya tayoyinta, daga batir yake shan wuta, ana kuma jona ta a caje ta. Abin da ya bambanta ta shi ne wani ɗan ƙaramin injin fetur da aka ɗora mata, wanda ba shi da wata alaƙa da tayoyi. Aikinsa juya janareta ne kawai. Idan cajin batir ya yi ƙasa, sai ya tashi da kansa ya ci gaba da ba da wuta, mota ba ta tsaya ba. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare ya ga irin wannan tsari da idonsa: kan jirgin gas yake ƙonawa, amma lantarkin da gas ɗin ya samar ne ke jan taragwai tun daga Yawunde.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin LEVC na Ingila, wanda ke hannun Geely na ƙasar Sin, shi ke ƙera baƙaƙen tasi na Landan, kuma a 2020 ya fito da motar kaya mai suna VN5. Batirinta kilowat-awa 31 ne, tana yin kusan kilomita 100 a kan wuta zalla, idan injin feturinta mai lita 1.5 ya shiga tana haura kilomita 480 kafin a nemi gidan mai. Ford ma a 2019 ya fitar da Transit Custom mai irin wannan tsari, da ƙaramin inji mai lita 1 da batir na kilowat-awa 13.6, wanda ke kai ta kilomita hamsin da 'yan kai. Abin da ya tura su ga wannan hayaƙi ne. Tun Afrilun 2019 Landan ta ware yankin da tsohuwar mota mai hayaƙi sai ta biya fam 12.50 kowace rana kafin ta shiga, a Agustan 2023 kuma aka faɗaɗa shi ya mamaye birnin.

Mu babu mai cin mu tarar hayaƙi. Kuɗin mai ne ke cin mu. Litar fetur da muka saba saya sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, shekara na zagayowa ta koma 840. Gas ya tashi daga 575 ya kai 828. A tsakanin nan kuma, ranar 29 ga Mayun 2023, Najeriya ta janye tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a bakin titi, wanda arewacin Kamaru ya dogara da shi shekara da shekaru, ya yi tashin gwauron zabo. Matatar Limbe kuwa tun gobarar 2019 ba ta tace mai. Duk buhun sukari da katan ɗin sabulun da aka sauke wa mai shago a Yelwa ko Rumde Ajiya, akwai wannan kuɗin a kansa, kuma mai sayen sukarin sefa ɗari ne ke biya a ƙarshe.

Ku dubi yadda aikin yake gudana. Da sassafe mota na bakin sito a babbar kasuwa, 'yan dako na loda jarkokin man girki da katan-katan na taliya, yaron mota riƙe da littafin masu shaguna. An tashi, ba a yi nisan kirki ba an tsaya. A sauke katan biyar, mai shago ya ce shida ya nema, a kira maigida a waya, a ƙirga kuɗi, a nemo canji. Duk wannan lokaci inji na kunne, don direba na tsoron in ya kashe sai an tura. A matsa layi na gaba a sake. Haka har azahar, giya ɗaya giya biyu, ƙafa a kan kuloci, tsakanin 'yan babur da masu keke mai ƙafa uku. Babu aikin da ya fi wannan shan mai da cinye birki, kuma shi ne aikin da injin lantarki ya fi iyawa. In mota na tsaye ba ya cin komai, in an taka birki yana mayar da wani abu cikin batir, babu kuloci balle ya ƙone.

Kowa ya duba mitar motarsa da safe ya sake dubawa da yamma. Motar da ke zagaye cikin Garwa da wuya ta kai kilomita 100 a yini. To ga lissafi a sauƙaƙe. Motar kaya ta fetur a irin wannan tsaye-tsaye tana iya shan lita 12 a kilomita 100, sefa dubu goma ke nan. Ta lantarki mai wannan girma tana cin kilowat-awa 25 zuwa 30 a tafiya ɗaya, kuma farashin kilowat-awa a layin gida da na shago bai kai sefa 100 ba. Dubu uku ke nan ko ƙasa da haka. Ku ninka bambancin da kwanakin aiki na shekara.

Yanzu ga tambayar majalisa. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, mai megawat 72, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982. Yashi ya cika tafkin, damina kuma ba kullum take cika shi ba, shi ya sa daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ake rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30 in an haɗa, sun kawo sauƙi tun 2023, amma babu ɗan kasuwar da zai ɗora dukan cinikinsa a kan cewa daren jiya an bar wuta. Mai motar lantarki zalla, ranar da ya wayi gari batir babu caji, kayansa na sito, masu shagunansa kuma sun kira wani. Mai wannan da nake magana a kai zai fita aiki a kan fetur, ya yi asarar rangwamen yini ɗaya kawai. Ranar Lahadi ya je kasuwar Pitowa ya dawo a kan batir. In kaya suka kama zuwa Gidar, ko Marwa da ta haura kilomita 200, ba sai ya nemi wurin caji a hanya ba, wanda dama babu shi. Baturen Landan yana da wurin caji a kowace kusurwa, injin feturin a wurinsa na kwantar da hankali ne. A wurinmu shi ne abin da zai sa a iya sayen motar tun farko.

Sharaɗin da na ambata shi ne wanda na fi damuwa da shi. Wannan mota in ba a jona ta kullum ba, ta zama motar fetur mai dakon batir na ɗaruruwan kilo a banza, ga tsadar da aka saye ta. Turai ma ta ga haka. A Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da alƙaluman da aka tattara daga cikin motocin kansu, aka tarar motoci masu haɗa fetur da batirin caji suna fitar da hayaƙi kusan ninki uku da rabi na abin da aka auna a gwaji, saboda masu su ba sa cajin su yadda aka zata. In haka ta faru a inda wuta ba ta ɗaukewa, mu sai mun tashi tsaye.

Akwai kuma abin da masu motoci suka sani amma ba sa son faɗa. Albashin direban kaya a garin nan bai kai ya riƙe gida ba, kuma ragowar kuɗin man da ake ba shi da safe na cikin abin da yake kai wa iyalinsa. Wani direba dattijo da muke zama tare ya faɗa min kai tsaye: "Alhaji, in ka kawo motar da ba ta shan mai, ni kuma me zan sha?" Gaskiya ya faɗa. Maigidan da ya sayi wannan mota bai gyara albashin direbansa ba, kada ya yi mamaki in kullum aka ce masa an manta ba a jona ba, ko soket ya lalace. A cire wani kaso daga rangwamen man a ƙara wa direba, a sa shi ya zama shi ne mai son ganin batir cike da safe. Hakkinsa ne, kuma dabarar kasuwanci ce.

Kafin mota, a fara da rufin sito. Allon sola mai wat 500 yana ba da kilowat-awa biyu da rabi ko fiye a ranar arewa, don haka alluna goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa su cika batir irin na VN5. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bugawa mota na kan titi. Amma mu muna da abin da Turawa ba su da shi, wato hutun tsakar rana. Daga azahar zuwa la'asar yawancin motocin kaya na fake a inuwa. Na'urar caji mai kilowat 7 za ta zuba kusan kilowat-awa 20 a awa uku in allunan da injin juya wutar sun kai ƙarfinta, sauran a cike da wutar gari da dare. Soket na gida kuwa sai ya haura awa goma sha biyu, kuma irin wayoyin da ake ja a shagunan kasuwa ba za su jure wannan zafin ba. A kira mai aikin wuta na gaske ya ja layi na musamman, mun ga gobarar kasuwa ta ishe mu.

Sai batun mai. Kowa ya san yadda ake sayen zuwa-zuwa: yaro ya ɗauko kwalba daga kan tebur inda ta wuni a rana, ya ɗora ƙyalle a bakin mazurari, ya juye. Tsohuwar Hayis na iya haɗiye wannan ta wuce. Ƙaramin inji na zamani mai turbo, wanda kwamfuta ke auna masa mai, ba zai daɗe a kai ba. Ga shi injin da ba kullum yake tashi ba, fetur na iya yin makonni a tanki cikin zafi ya lalace. Tunda man da za a sha kaɗan ne, a saye shi a gidan mai, kada a cika tanki a ajiye, a kuma bar injin ya yi aiki lokaci-lokaci.

Zafi ma abin lura ne. Batirin litiyam ya fi son yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Garwa kuwa a Maris da Afrilu tana haura 40. Zafi na tsofar da batir da wuri, don haka motar da batirinta ba shi da ruwan sanyaya kada a kusance ta, kuma a gina mata rumfa. Ƙurar hunturu na toshe lagireto da matatar iska. Batirin a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, sai a yi hattara da ramuka da ruwan Agusta. Lodi kuma, VN5 kilo 830 aka rubuta mata, wato buhu goma sha shida masu kilo 50, in ba a cire nauyin direba da yaronsa ba. Halinmu na loda mota har bayanta ya taɓa ƙasa ba zai yiwu a nan ba. Mai dakon siminti da buhunan masara ya riƙe motarsa ta gas. Wannan ta masu magunguna ce, da burodi, da kayan shaguna, da saƙonnin da ake ɗaukowa daga tashoshin mota a kai gida-gida.

Makanikanmu ina ganin ƙoƙarinsu, mutanen da ke tayar da injin da ƙasar da ta ƙera shi ta manta da shi. Amma wayoyin nan masu launin lemo da ke cikin motar lantarki suna ɗauke da wuta kusan bolt 400, kuma tana kisa nan take. Ba a koyon wannan da gwaji a gindin dalbejiya. Makarantun fasaha na Garwa da Marwa, da sashen injiniya na Jami'ar Marwa da ta Ngaundare, su ya kamata su buɗe gajerun kwasa-kwasai ga masu gareji tun motocin ba su cika gari ba. 'Yan kasuwar da ke da niyyar saye su haɗa kuɗi su tura yara biyu ko uku, su kuma yi shawara su sayi iri ɗaya, don mai kayan gyara ya ga dalilin ajiye kayanta.

Dokar kuɗi ta 2025 ta yi rangwamen rabin ƙimar da duwan, wato kwastan, ke ɗora wa haraji a kan sababbin motocin lantarki da batura da na'urorin caji, na tsawon wata 24. Ina kira ga 'yan majalisarmu na arewa su nemi a tsawaita shi, a kuma rubuta baro-baro cewa motar da lantarki kaɗai ke juya tayoyinta tana ciki ko da tana ɗauke da janareta, don kada ɗan kasuwa ya isa Duwala ya tsaya jayayya a kan wane layi za a sa motarsa.

Yawancinmu dai na hannu za mu saya, kamar yadda muka saba. Waɗanda suka yi aiki a Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuma a hannun dama muke tuƙi, sai a nemi na ƙasashen Turai masu sitiyari a hagu. Fenti da mitar kilomita ba za su gaya maka komai a kan batir ba. Kafin ka tura ko sisi, ka sa dillali ya jona na'urar gwaji ya turo maka hoton lafiyar batirin, kashi nawa ya rage cikin ɗari, da takardar da ke nuna shekarar motar da saura nawa a garantin batir. In ya ce ba zai iya ba, ka nemi wani dillalin.