Iyayenmu ne suka fi buƙatar ruwan Wikki

Duk hutun Sallah ko ƙarshen shekara sai hotunan Yankari su cika Facebook. Samari a cikin ruwan Wikki, 'yan makaranta a motar zaga daji, wani ya ɗauko giwa daga nesa. Abin sha'awa ne, kuma yana faranta mini rai. Amma ku duba hotunan da kyau, da ƙyar za ku ga dattijo ko dattijuwa a cikin ruwan. Alhali su ne masu ciwon gwiwa, su ne masu ciwon baya da ƙugu, su ne ke kwana ido biyu saboda tsamin jiki. Waɗanda ruwan zai fi yi wa amfani mun bar su a gida suna shafa man zafi.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Wikki maɓuɓɓuga ce a cikin gandun dajin Yankari, ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau da shi, kana tsaye kana hango yashi da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ko hunturu ba ya sauya shi. Kusan lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji, don haka ba kwantaccen ruwa ba ne. Asalinsa ruwan sama ne da ya nutse can cikin ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa gwargwadon zurfi, ya sami tsaga a dutse ya dawo da ɗuminsa.

Abin da ruwan nan ke yi wa jiki ba ɓoyayye ba ne. Idan mutum ya shiga ruwa har ƙugu, ruwan ya ɗauke masa kusan rabin nauyinsa. Idan ya kai wuya, abin da ƙafafunsa ke ɗauka bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ku tuna da gwiwar da ta shekara sittin tana ɗaukar mutum, gurunguntsinta ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. A cikin ruwa ne kawai take samun damar lanƙwashewa da miƙewa ba tare da wannan nauyi a kanta ba. Ɗumin kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki naman da ya ɗaure. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi a manyan asibitocin duniya ke sa masu amosanin gaɓɓai motsa jiki a cikin ruwa mai ɗumi. Wani abin da na fi so game da Wikki shi ne bai kai zafin jikin mutum ba, wanda yake digiri 37. Tsoho zai iya daɗewa a ciki yana tattaki a hankali ba tare da ya galabaita ba.

Gwaggona ta daɗe tana sallah a kan kujera. Da muka kai ta, saukar matakala zuwa bakin ruwan ita ce babbar wahala, sai da muka riƙe ta hagu da dama tana hutawa. Ta shiga da doguwar rigarta da ɗankwali, ta tsaya inda ruwa ya kai mata ƙirji, tana dafe da kafaɗar 'yarta. Can sai na ga ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta naɗe gwiwar, ta miƙe ta, ta sake naɗewa. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, kin ga ta lanƙwashe?" Daren nan ta yi barci har asuba. Bayan mun koma gida ciwon ya dawo, domin ruwa ba ya mayar da gurunguntsin da ya riga ya cinye. Amma ta sami kwanaki na sauƙi, kuma ta gane ƙafarta tana iya motsi, har ta yarda ta fara ɗan tattaki a tsakar gida da safe.

A nan nake roƙon jama'a mu tsaya a kan gaskiya. Ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi, yana kawo barci, yana kwantar da hankali. Ba ya warkar da ciwon suga, ba ya kawar da hawan jini, ba ya tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Jini yakan ɗan sauka sa'ad da mutum ke cikin ruwan, daga baya ya koma inda yake. A arewacin Agadas, cikin duwatsun Azbin, akwai ruwan zafi na Tafadek, inda mutane ke yin doguwar tafiya don neman sauƙin sanyin ƙashi da ciwon gaɓɓai. Ina girmama wannan niyya, Allah Ya ba su lafiya. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne wanda zai ajiye maganin asibitinsa ya ce ruwa ya isa. Don Allah a tafi da magani a jaka, a ci gaba da sha kamar yadda likita ya ce.

Mu Hausawa mun san ruwan zafi tun kaka da kakanni, daga gashi da tsumma har sirace da wankan jego. Mun kuma san illarsa idan ya wuce kima, domin ba a rasa mai jegon da ta ƙone ko ta sume a bayan ɗaki. Haka abin yake a maɓuɓɓugai masu zafi sosai da ɗakunan turiri na wuraren gyaran jiki da ke ƙaruwa a biranenmu. Ruwan da ya haura digiri 40 ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na mai ciwon zuciya ba sai da izinin likita. Mai ciwon sugan da ƙafarsa ta daina jin zafi zai iya ƙonewa bai sani ba. Mai farfaɗiya kada ya shiga kowane ruwa shi kaɗai. Mai buɗaɗɗen rauni ya haƙura har ya warke. A sha ruwa sosai, a kuma fito a hankali, domin jiri yakan ɗebi mutum idan ya miƙe da sauri.

A Faransa likita ne ke rubuta wa mara lafiya zuwa garin ruwan zafi, ya yi kwana 18 ana kula da shi, inshorar lafiya ta biya wani kaso na kuɗin. A Japan yawancin wuraren wankan ruwan zafi ɓangaren maza daban, na mata daban. Haka ma gidajen wanka na Turkiyya da Maroko, ko dai a raba wuri ko a raba lokaci. Wannan batun raba maza da mata shi ne ya fi damuna, domin na san iyaye mata da yawa da ba kuɗin mota ne ya hana su zuwa ba, kunya ce. Dattijuwa ba za ta shiga ruwa samari na ninƙaya a gefenta ba, kuma tana da gaskiya.

Shawarata ga masu kula da irin waɗannan wurare ita ce a ware wa mata sa'o'insu, ko da da hantsi ne, mace ta tsaya a bakin ruwa tana lura da su. A sa ƙarfen dafawa a duk inda tsoho zai sauka ko ya hau, da benci a inuwa don hutawa. Mu kuma 'ya'ya, idan za a je, a zaɓi tsakiyar mako lokacin da babu cunkoso, a auna wa Baba ko Inna jini kafin a kama hanya, kuma kada a bar su a cikin ruwa ba wani a kusa da su.