Murmushin teburin poka ya fi zaginsa cutarwa

A birnin Las Vegas na Amurka, inda ake gasar poka ta duniya tun 1970, masu cin abinci da wannan cacar ta karta sun daɗe suna wata muhawara: idan wanda bai iya ba ya yi wasan ganganci, kuma sa'a ta ba shi nasara a kanka, ka gaya masa magana ne ko ka haɗiye?

Wanda ya yi ƙaurin suna wajen gaya magana shi ne Phil Hellmuth. Gwani ne, ba musu. Ya ci babbar gasar a 1989 yana ɗan shekara 24, kuma babu wanda ya kai shi yawan awarwaron zinariya da ake ba zakarun gasar. Amma da zarar wani ya cinye shi da katin da bai kamata ya riƙe ba, sai ya miƙe tsaye yana faɗa a gaban kyamara. A 2008 ya zazzage wa wani ɗan Romaniya cin mutunci har aka yanke masa hukuncin dakatarwa, washegari aka janye.

Yawancin ƙwararru suna ganin wannan wauta ce, kuma dalilinsu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba mutuncin wanda bai iya ba ne ya dame su ba. Lissafinsu shi ne, idan ka kunyata shi zai tattara kuɗinsa ya tafi, ko ya koma gida ya koyi wasan, kuma ko wanne ya yi kai ne da asara. Shi ya sa suke horar da na baya cewa a yi masa fara'a, a yaba masa idan ya ci, a tambaye shi iyali, a bar shi yana jin cewa yau ranarsa ce. A bayan idonsa kuwa kifi suke kiransa, wato abin da suka kama za su ci.

Tarihin gasar ya nuna inda kuɗin ke fitowa. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke ƙwararru ya tafi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. Zuwa 2006 sun kai 8,773, kowace kujera dala 10,000. Dubban mutanen nan ba gwanaye ba ne, labarin akantan ne ya jawo su, kuma aljihunsu ne ya azurta 'yan tsirarun da suka san kan wasan.

To, a nawa ganin, zagin Hellmuth abin ƙyama ne, amma murmushin sauran ya fi shi cutarwa. Mai zagi, ko da fushi ne ya sa shi, ya faɗa wa mutumin gaskiya guda: ba ka iya ba. Wataƙila zafin maganar ya sa ya tashi da sauran kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mai murmushi ya san wannan gaskiyar sarai, ya ɓoye ta da gangan domin mutumin ya ƙara zama awa uku.

Na san za a ce akwai masu yin shiru don tarbiyya kawai, kuma babba ne ya kawo kansa da ƙafarsa, ba a tilasta masa ba. Gaskiya ne, ba kowa ke da mugun nufi ba. Ban kuma ce zagi koyarwa ba ne. Hellmuth huce haushi yake yi, ba nasiha ba. Amma a duba dattawa masu dara a gindin bishiya: za ka ji ana ce wa yaro «kai, ba nan ake sakawa ba», kuma gyaran ya karɓu, domin gwanin ba ya rasa komai idan yaron ya ƙware, sai ma ya samu abokin karawa. A teburin caca ƙwarewarka raguwar abincin wani ce, don haka babu mai gyara maka da zuciya ɗaya. Ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa caca da ƙiyayya da gaba ba ta taƙaita ga masu ɗaga murya ba.

Abin ya shafe mu ne saboda wannan dabarar ta shigo wayoyin matasanmu. Manhajojin caca ba sa zagin kowa. Maraba suke yi da kai, su ba ka kyautar shiga, su taya ka murnar ɗan abin da ka ci, idan ka kwana biyu ba ka leƙo ba su aiko saƙo. Shawarar da za ta amfani mai rauni ita ce ya tashi, kuma ba abokan wasa ba ne za su ba shi ita, balle gidan cacar da ke yankar kasonsa daga kuɗin da aka zuba, ko wa ya ci.