Inshorar lafiyar Kano ta fito fili a kan ɓari da cikin da ke barazana ga ran uwa

A watan jiya na raka wani maƙwabcina asibiti da ƙarfe ɗayan dare. Matarsa ta yi ɓarin cikin wata uku, jini ya ƙi tsayawa. Aka miƙo masa 'yar takarda: ledar jini biyu, ƙarin ruwa, safar hannu, kuɗin wankin ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tashin 'yan'uwa daga barci ta waya: "Yaya, don Allah turo mini ko nawa ne." Ita kuwa tana kwance a benci, zaninta ya jiƙe sharkaf. Allah ya sa tana da sauran kwana. Amma awa biyun da aka ɓata ana harhaɗa kuɗi sun ƙi fita daga raina.

A Kano da zarar an ambaci zubar da ciki sai fuskoki su ɗaure, kuma ban ga laifin kowa ba. Mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsauri a wannan babi, sashe na 232 na dokar Penal Code kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14. Sai dai sashen da kansa ya ware cikin da aka cire domin ceton ran uwa, kuma malamanmu ma sun yarda da wannan lalura idan amintattun likitoci suka tabbatar. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yadda za a yi hakan a inda doka ta halatta. Ke nan mai jijjigar da ta ƙi lafawa, da mai cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da mai ciwon zuciyar da ba zai kai ta haihuwa ba, doka ba ta tare musu hanya ba. Aljihu ne ya tare, sai kuma tsoron bakin mutane.

Nan ne inshora ta shigo. Kano ta yi dokar taimakekeniyar lafiya a 2016, wadda ta haifar da KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar. A 2022 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, da ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a ƙarshen 2024. Madalla. To wadda cikinta bai kai haihuwa ba fa?

Abin da nake so shi ne a rubuta shi ɓaro-ɓaro, da Hausa, a manna a bangon kowace cibiyar lafiya daga Gwagwarwa har Ɗorayi: wankin ciki bayan ɓari, ƙarin jini, da cire cikin da zai halaka uwa, duk inshora ta ɗauke, kuma a fara aiki kafin a tambayi kati.

Na san za a ce an buɗe ƙofar ɓarna. Legas ta fitar da nata ƙa'idojin cire ciki a inda doka ta halatta a 2022, aka yi ca, gwamna ya dakatar da su cikin 'yan kwanaki. Darasin da na ɗauka shi ne a zauna da malamai tun kafin a ɗora biro a takarda, su ji daga bakin likitoci, su sa baki a iyakokin.

Sai yarinyar da ta sha abin da aka haɗa mata a bayan kantar kemis, aka kawo ta tana zubar da jini. Wannan ita ce ke sa mutane yin shiru. Yi mata magani ba laifi ba ne a doka, kuma tambayar "Ke kika zubar?" da ake jefa wa irinta a gaban jama'a ita ce ke sa ta gaba ta kwanta a ɗaki da zazzaɓi har kwana uku, sai mahaifa ta ruɓe sannan a nemo adaidaita sahu.