Kulle yaro a ɗaki ba shi ne maganin shaye-shaye ba

Haba jama'a! Uba a ƙauyen Kano ko Jigawa ya sayar da buhunan geronsa, ya ɗauko shatar mota ya kai ɗansa cibiyar gyaran masu shaye-shaye ta gwamnati, abin da zai tarar tabarma ce da kwaɗo da maigadi. A 2019 aka yi ta fasa gidajen mari, daga Rigasa har Daura, kowa ya yi hamdala. To me aka ajiye a madadinsu?

Tun ranar karɓa ake tafka ɓarnar. Ba a tambayar yaro me yake sha, guda nawa a rana, yaushe rabonsa da shi. Ba gwajin fitsari, ba a auna hawan jini, mai yi wa kansa allurar fenta, wato allurar kashe zafin ciwo da ake bugewa da ita, ba a duba jininsa ko yana da ciwon hanta ko ƙanjamau. Alhali kowace ƙwaya da yadda ake raba mutum da ita.

Wanda ya saba da tiramol ko kodin, kafin kwana ɗaya da yankewa zai fara hamma, majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa. Kwana na biyu da na uku ya fi jin jiki, wajen mako abin ya lafa. Bukatarsa ba ta da tsada: maganin ciwon jiki, na tsayar da amai da gudawa, sai ruwan gishiri da sukari, wato lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko wannan sai a ce wa iyaye su je kemis su sayo!

Mai shan ƙwayoyin sa barci irin su diyazafam ko roce kuwa, yanke masa lokaci guda na iya jawo jijjiga har ta yi ajalinsa. Rage masa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni, bisa lissafin likita. Amma sai a cusa su ɗaki ɗaya, da ɗan shekara 15 mai shaƙar sholisho, da wanda wiwi ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, wanda asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kazaure ya kamata a tura shi. Idan wani ya faɗi yana karkarwa da tsakar dare a ce iska ce ta buge shi. Babu ma'aikacin jinya na dare, batirin sola ya mutu, allurar da za ta tsayar da jijjigar tana cikin kabad, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi gida tun la'asar.

Mata fa? Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Najeriya ɗaya mace ce. Ina ɗakinsu, ina ma'aikata mata?

Mafi muni ita ce sallama. Yaron da ya yi wata uku bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Ya koma majalisarsa, ko ƙwadagon noma inda ake watsa tiramol da shayi kafin a shiga gona, ya haɗiyi irin na da, numfashi ya tsaya. Allurar naloksan ce ke farfaɗo da irin wannan, amma je ka tambaye ta a ƙaramin asibitin ƙauye ka ga yadda za a kalle ka.

Shugabannin ƙananan hukumomi da ma'aikatun lafiya, ku bar fentin katanga haka nan. A sa ma'aikacin jinya dare da rana, makullin magani a hannun mai aiki. Kada a sallami kowa sai an zauna da iyayensa da mai unguwa, an rubuta masa ranar dawowa duk mako a watan farko, an kuma sa ma'aikacin lafiyar garinsu ya bi shi gida in bai zo ba.