Kuɗin da ka ajiye, a hannun wa ya kwana?

Kuɗin da ka kai banki ba ya zama a akwati yana jiranka. Rance ake bayarwa da shi, kuma yawancin bankuna ba za su faɗa maka wanda ya karɓa ba. Yana iya zama mai gina asibiti, yana iya zama kamfanin caca ko maƙerin makamai. Wannan ne ya haifar da ajiya da zuba jari na taimakon juna, wato mai kuɗi ya zaɓi kuɗinsa ya tafi wurin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ƙananan manoma, ko sana'o'in da ke ɗaukar waɗanda suka daɗe ba aiki. Ina goyon bayansa da zuciya ɗaya. Damuwata ita ce masu shigarsa da kyakkyawar niyya kawai, ba tambaya, su yi cinikin biri a sama, in an yi asara kuma a ɓata wa tsarin suna baki ɗaya.

A fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai asusun da aikinsa tacewa: ba ya sayen hannun jarin kamfanin taba, giya ko makamai. Wannan abu ne mai kyau, amma hannun jarin da yake saye a kasuwa daga hannun wani mai jari yake fitowa, don haka ko sisi ba ya isa wurin wani sabon aiki. Ko tacewar ma sai an bincika. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci tarar DWS, kamfanin da ke juya jarin mutane, dala miliyan 19 saboda abin da yake tallatawa kan jarinsa mai ɗa'a ya zarce abin da yake aikatawa.

Na taimakon juna kuwa, kuɗin yana isa ga aikin, sai dai ba daidai yake isa ba. A wani tsarin, uwar kuɗinka na nan yadda take, wani kaso na ribar kake sadaukarwa. Tambarin Finansol na Faransa, shaidar da ake ba irin wannan ajiya, wanda aka kafa a 1997, yana sharɗanta aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ribar. Yi lissafi da kanka: in ajiya na ba da kashi 3 a shekara ka bayar da rubu'i, bakwai da rabi ne a kowace dubu. Taimako ne, amma kyauta ce ƙarama, kuma uwar kuɗin na iya kasancewa a ko'ina. Sai asusun da ake kira 90/10, wanda dokar Faransa ta 2001 ta tsara wa ajiyar ma'aikata: dokar ta wancan lokaci ta ware kashi 5 zuwa 10 ga ayyukan jin ƙai, sauran yana kasuwar hannun jari da takardun bashi. Ba rowa ce ta sa haka ba. Gidan da aka gina wa marasa galihu ba ya sayuwa cikin kwana biyu, shi kuwa asusun dole ya iya biyan duk wanda ya zo cire kuɗinsa. Amma wanda ya zuba dubu ya san cewa ɗari ce, ko ƙasa da haka, ta je inda yake nufi, kuma yana da haƙƙin tambayar ina ɗari taran take.

Inda kuɗinka ke tafiya ɗungurungum shi ne sayen hannun jari kai tsaye a ƙungiyar gama-kai ko bankin da ke yin aikin. Nan amfanin ya fi yawa, nan kuma haɗarin yake. Oikocredit, ƙungiyar gama-kai mai ba da rance da aka kafa a Holan a 1975, ta shafe shekaru ribar da take rabawa ba ta wuce kashi 2 ba, a lokacin korona ma ba ta raba komai ba. In hauhawar farashi ta fi haka, ƙarfin kuɗinka raguwa yake a hankali, kuma wannan ragin shi ne gudummawarka. A shiga da sanin haka.

Labarin bankin Triodos, shi ma na Holan, ya kamata kowa ya sani. Dubban mutane sun sayi takardun jarinsa suna ɗaukarsu kamar ajiya, domin bankin ne da kansa yake saye yana sayarwa a farashin da littafinsa ya nuna. Sai dai doka ta iyakance yawan abin da zai iya saye da kansa. A watan Maris na 2020 masu son fita suka rinjayi masu shiga, aka dakatar da ciniki. Aka buɗe na ɗan lokaci, aka sake rufewa a Janairun 2021. Sai a 2023 aka koma ciniki a wata kasuwa ta waje, farashin kuma ya faɗo ƙasa da rabin na da. Bankin bai karye ba, masu ajiya ta yau da kullum ba su rasa komai ba, domin ajiya daban, jari daban. A Tarayyar Turai inshora na kare ajiya har yuro 100,000 ga mutum ɗaya a banki ɗaya. Hannun jari ba shi da wannan rumfa ko'ina. Shi ya sa kuɗin magani, na makarantar yara, ko duk wanda za a nema cikin shekara biyar bai kamata ya shiga nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ba a cika tambayar halin wanda kuɗin ya ƙare a hannunsa ba. Lokacin da Compartamos, bankin ƙananan rance na Meziko, ya shiga kasuwar hannun jari a 2007, matalautan mata na biyan ruwan da ya doshi kashi 100 a shekara. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, kamfanonin ƙananan rance sun yi ta rige-rigen ba mutum ɗaya bashi uku ko huɗu, ana cin wannan a biya wancan, har abin ya fashe a 2010 gwamnatin jihar ta taka musu birki. Duk waɗannan kuwa da sunan yaƙi da talauci aka tara kuɗinsu. Don haka a tambayi yadda ake lissafin abin da mai rance ke biya. Kashi 2 a wata da ake ɗorawa kan uwar kuɗin farko har ƙarshen shekara, alhali ana biya wata-wata bashin na raguwa, a haƙiƙa ya haura kashi 40 a shekara, tun kafin a ƙara kuɗin fom da na inshora.

Wanda ke gudun riba ta ruwa yana da ƙofa: musharaka (haɗa jari), mudaraba (wani da kuɗi, wani da aiki), ko sukuk, wato takardun jari na Musulunci, irin na dala miliyan 500 da IFFIm, hukumar tara kuɗin rigakafi ta duniya, ta fitar a 2014 don rigakafin yara. Sharaɗin dai ɗaya ne, mai cin riba yana ɗaukar asara. Duk wanda ya ce uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba, ga riba mai tsoka kowane wata, ga kuma lada, to kuɗin sababbin shiga yake raba wa tsofaffi.

Kafin sa hannu, nemi rahoton kuɗi na shekara uku da odita mai zaman kansa ya duba. Nemi jerin waɗanda aka ba rance. Banca Etica ta Italiya da La Nef ta Faransa suna wallafa nasu, don haka ba abin da ya gagara ba ne. Duba kason bashin da ya wuce kwana 30 ba a biya ba: in ya haura kashi 5 a ƙananan rance, a nemi bayani, in kuma an ce sifili ne, wataƙila ana sabunta tsofaffin basussuka ne don a ɓoye su. Duba ko mai rance ɗaya ya kwashe kaso mai yawa, da kuma wanda ke ɗaukar asarar canji in an tara kuɗin da dala an ba da rance da kuɗin gida. Sannan a rubuta maka ƙa'idar fita: sanarwar wata nawa za ka bayar, wa zai sayi kasonka, a wane farashi, kuma a wane hali hukumar gudanarwa ke da ikon dakatar da biya.