Buhun shinkafa ba ya warkar da tamowa

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, mun san abin da zai biyo baya a jihohin Arewa: a jera buhunan shinkafa a filin wasa, a kira 'yan jarida, a yi rabo. Wannan ɗabi'a ta ishe ni.

Yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu mara lafiya ne, magani yake buƙata. Ana gane shi da tef ɗin awon damtse: in ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko aka danna bayan ƙafafunsa biyu yatsa ya bar rami, lamarin ya yi tsanani. In har yana iya ci, ana ba shi haɗin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari da ake kira RUTF, tare da maganin amoxicillin. Ledar RUTF ɗaya giram 92 ce, kuma yaro guda yakan cinye kusan katan, leda 150, cikin mako shida zuwa takwas. In ya ƙi ci, ko zazzaɓi da gudawa sun galabaitar da shi, sai an kwantar da shi ana ba shi wata madarar magani mai suna F-75 kaɗan-kaɗan, domin ɗura masa abinci mai nauyi a wannan hali na iya ajalinsa. To ina shinkafa ta shigo a nan?

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Kaya su yanke a asibitin mazaɓa ana tsakiyar magani. Uwa ta biya kuɗin mashin daga ƙauye, a ce mata babu, ba za ta sake dawowa ba, yaron kuma ya koma gidan jiya. A gida yayyensa ma da yunwa suke kwana, sai a raba musu ledar. Wasu ledojin kuma a kasuwa ake ganinsu, kuma wanda ke sayar da katan-katan ba daga hannun uwa ya samo su ba.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi ci mini rai. Kowa ya san daga Yuni zuwa Satumba rumbu ke ƙarewa, sauro ya yawaita, ruwan sha ya gurɓace. Kayan da za a yi amfani da su a Yuli, tun Maris ya kamata a biya kuɗinsu. Amma sai gadajen asibiti sun cika ake kafa kwamiti.

Masu cewa jahilcin iyaye mata ne, su fara tambayar wa ke riƙe da makullin rumbu da kuɗin cefane. Masu fakewa da janyewar tallafin Amurka kuwa, su sani ana yin RUTF a Kano da Legas, kuma UNICEF na da asusun da ke ɗora naira a kan kowace naira da jiha ta zuba don sayen irin waɗannan kaya.

A ba kowace uwa tef ɗin, a koya mata launukansa, ta riƙa auna ɗanta kowane mako. A koya wa mata haɗin garin kunu na kwano shida na hatsi, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. Sannan kowane kwamishinan lafiya ya riƙa wallafa katan nawa ya isa kowace ƙaramar hukuma duk wata, da sunan jami'in da ya sa hannu ya karɓa.