Kayan biki daban, kayan kallon wasan kwaikwayo daban

Jama'ar Yamai, ga wata magana da ake rainawa. Duk sanda aka sa wasan kwaikwayo, ko a cibiyar Umaru Ganda da muke ce wa CCOG, ko a cibiyar Mustafa Alasan wadda har 2024 ake kira CCFN, ko a Palais des Congrès, sai ka ga mutane da yawa sun fito da shigar ɗaurin aure: sabuwar shadda, ɗauri ya tashi sama, turare tun daga bakin ƙofa. A ganina wannan kuskure ne. Mai zuwa biki yana yawo, yana gaisawa, ya je ne a gan shi. Mai zuwa wasa zai zauna awa biyu wuri guda, kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, ga wani a bayansa da shi ma ya biya kuɗin tikiti. Don haka kafin ka buɗe akwati, tambayi kanka a kan me za ka zauna, wane wata ake ciki, kuma wa zai sha wahalar kayanka.

Mu fara da kai, don nan rigimar take. Masu gina wurin kallo mai hawa-hawa suna lissafi da tazarar da ke tsakanin idon mutum da tsakar kansa, wajen santimita 12. Ana ɗaga kowane layi ne yadda idon na baya zai wuce ta saman kan na gaba da ƴar wannan ratar kawai. To Hajiya ta zo da gwaggwaron da ya ƙara mata tsawon santimita 20, ya kuma baje hagu da dama. Lissafin magini ya rushe ke nan. Mutum biyu ko uku na bayanta sai leƙe, suna karkata, su ma suna tare wa na bayansu, har abin ya kai layi na huɗu. A zauren da daɓensa yake shimfiɗe aka jera kujerun roba, abin ya fi haka muni. Ba wanda ya ce a buɗe kai. Ɗauri mai kwanciya a kan goshi, ko hijabi, ko lafaya da aka yafa daidai kai, duk sun wadatar. Maza ma ba su kuɓuta ba, doguwar hular da aka kafa tsaye da babban rawani aikinsu ɗaya da gwaggwaro. Wanda rawani ya zame wa dole saboda sarauta ko al'ada, ya nemi kujerar gefe ko layin ƙarshe, ba abin da zai ragu a girmansa.

Sai ƙara. Wasan Hausa, irin wanda su Yazi Dogo suka saba mana da shi a Télé Sahel, ƙarfinsa a baki yake: habaici, gatse, baƙar magana da ɗan wasa ke jefowa nan take. In kalma ɗaya ta wuce ka, sai dai ka ga mutane suna dariya kai kana raba ido. Sau da yawa kuma makirufo bai ishi ƴan wasan duka ba, wasu da muryarsu kawai suke dogara. Shaddar da ta sha ƙaro da bugu, ko Getzner sabuwa fil, in mai ita ya motsa ko kaɗan sai ta yi ƙaras-ƙaras, kuma ba mai iya zama awa biyu bai gyara zama ba. Wadda aka wanke sau biyu ko uku ta yi laushi, ita ce ta zuwa kallo. Awarwaro shida a hannu ɗaya, duk tafi sai sun amsa, duk fifita sai sun amsa. A bar ɗaya ko biyu. Takalmi mai tsini a kan matakalar siminti kuwa, in kika makara kika shigo ana tsakiyar wasa, kowa sai ya ƙirga takunki, ga duhu, ga haɗarin gurɗewa.

Babbar riga tana da kyau, amma ba a yi ta don kujerar da faɗinta bai wuce rabin mita ba. Cikakken ɗinki da ƴar ciki da wando yana cin mita tara zuwa goma, kaftani da wando kuwa huɗu zuwa biyar. Ragowar mita biyar ɗin nan a cinyar maƙwabta take sauka, kuma duk lokacin da Alhaji ya ɗaga hannu zai naɗe ta a kafaɗa, gwiwar hannunsa na kusa da kunnen wani. Inda na yarda da ita shi ne daren gayyata, kamar wasannin bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, ga wanda aka ajiye wa kujera a layin manya. Nan akwai fili, kuma matsayin ya nemi haka.

Wurin da ya fi kama mutane shi ne filin da ba rufi. Benci na siminti ya wuni yana shan rana, a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, kuma siminti ba ya sakin zafin nan da faɗuwar rana, a hankali yake amayar da shi har bayan isha'i. Ka zauna a kai da leshin roba ko yadi mai santsi, kafin rabin awa gumi ya jiƙa bayanka ba inda zai bi ya fita. In shadda mai rini ce da ba a taɓa wankewa ba, tana iya zuba a kan ƴar ciki. Auduga ce maganin wannan: atamfa ta gaske, ko yadin auduga mara nauyi, ɗinkin ya zama sakakke yadda iska za ta ratsa. A zo da ƴar sallaya a ninka ta huɗu a zauna a kai. Tana tare zafi, tana rage taurin benci, tana kare kaya daga datti, in lokacin salla ya riske ka kuma ga ta a hannu. Fararen kaya a irin wannan wuri asara ce, jar ƙurar garin nan za ta zana maka tambarin benci a baya, ka tashi kowa yana gani ban da kai. Ruwan ƙasa, ruwan toka, shuɗi mai haske ko atamfa mai zane sun fi rufa asiri. Mai sa turkuɗi ko alasho ya tuna rinin baba yana bin duk abin da ya goga, har da farar rigar wanda ke gefensa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadarin Yamai yakan taso daga gabas, iska da ƙura su riga ruwa isowa. Laima ba ta da amfani a nan, iska za ta juye ta, kafin nan ma ta tare wa mutum biyar kallo. Ƴar rigar ruwa da ke naɗewa cikin jaka ta fi, da leda ɗaya ta saka salula. Ɗigon ruwa yana kashe ƙyallin shadda ya bar tabo, takalmin fata irin balka kuma in ya jiƙa ya bushe sai ya ƙandare. Amma babban abin damina sauro ne, balle mu da ke bakin kogi. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro daga magariba yake fara aiki, daidai lokacin da ake fara wasa, kuma ƙafa da idon sawu ya fi nema, can ƙarƙashin benci inda ba ka gani. Dogon hannu, dogon wando ko zane har ƙasa, da safa. Matsattsen kaya mara kauri bai hana shi, ta cikin yadin yake cizo, kuma baƙaƙen kaya sun fi jawo shi. In za a shafa maganin sauro mai sinadarin DEET, na kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya isa wasan dare guda. A shafa a fata, a wanke tafin hannu, don yana ɓata roba, fuskar agogo da wasu yadudduka na roba. Auduga ba ruwanta.

Hunturu kuma yaudara gare shi. A Disamba da Janairu rana tana kaiwa digiri 32, dare ya sauko ƙasa da 20. Ka fito bayan magariba jiki da ɗumi, kafin a tashi wasa iska ta fara ratsa ka, kai kuma a zaune ba motsi. A riƙo rigar sanyi ko gyale mai kauri ko da ba a ji bukatarsa ba lokacin fita, yara a sa musu hula da safa. Mai asma ko mai saurin mura ya sa takunkumi ranar da hazo ya sauka. Haka ma zauren da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ko a tsakiyar bazara: ka shigo da gumi, ka zauna daidai bakin iskar awa biyu, gobe murya ta dishe.

A rufaffen zaure ne kuma maganar turare ta fi tsanani. Humra da turaren wuta abin alfaharinmu ne, amma mutum ɗari kowa ya yi wanka da nasa, iskar ɗakin guda ce take juyawa. Mai asma zai fita tun ba a kai rabi ba, ƴan wasa kuma da maƙogwaro suke aiki. A turara kaya tun daren jiya, a ɗiga humra sau biyu, shi ke nan. Masu zama layin gaba su rage kaya masu duwatsu da ƙyalƙyali, fitilar dandamali tana dukansu ta koma idon ɗan wasa.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a zo da kayan barci. Mutanen nan sun yi makonni suna gwaji, ka zo musu da singileti da silifas na wanka, raini ne. Kaya masu tsabta, a goge, waɗanda za ka iya zuwa gaishe da surukai da su ranar da ba salla ba, su nake nufi. Hannun riga ya zama mai naɗuwa saboda alwala, takalmi mai saurin cirewa, bakin zane ko wando kada ya ja ƙasa, don ban-ɗakin wurin taro ba kamar na gida ba ne. Jaka ƙarama, wadda za a duba a ƙofa cikin ɗan lokaci, ta kuma zauna a cinya.

Wasannin faɗakarwa da ake kai wa unguwanni da farfajiyar makarantu su kuma a tabarma ake zama, wani lokaci a kira ɗan kallo ya hau fage ya nuna yadda shi zai warware matsalar. Matsattsen siket mai tsaga ba ya zaman tabarma, ba ya hawa dandamali. Zane mai yalwa ko doguwar riga sun fi.

Masu zuwa a kan babur, wannan ta fi duk sauran muhimmanci. Bakin lafaya, dogon hijabi, gyale ko jelar rawani in suka sauka gefen ƙafar baya, sarƙa ko waya na iya cafke su, su fizgo mutum ta wuya. Kafin a tayar da babur a tattara bakin mayafin duka a cusa ƙarƙashin cinya, a duba hagu da dama ba abin da ke lilo. A sake dubawa lokacin komowa, don da dare ne, an gaji, kowa yana sauri.